IGAMATA TA MAKIYAYI

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne ɗan yayata da ya same ni bayan sallar isha'i a ƙofar gidanmu da ke Fassi, ya durƙusa ya ce, "Kawu, an yi mini hanyar Saudiyya, saura kuɗi." Ban amsa masa nan take ba, domin maganar ta taɓo mini tsohon miki.

A shekarar 2010 ni ma haka na durƙusa gaban Inna. Ni tela ne, amma ɗinki a ƙauye sai da sallah. Wani ejan a Kano ya ce zai samo mini biza wadda ba ruwana da ubangida, in na sauka Jidda in yi sana'ata yadda na ga dama. Inna ta jinginar da gonar da Baba ya bar mana a hanyar Kibiya, ta ce, "Ka je, amma ka tuna gonar marayu ce."

Sai da na isa na gane cewa babu baƙon da ke aiki a can sai da igama, wato katin izinin zama, kuma a lokacin igama ba ta samuwa sai da kafili, ɗan ƙasa wanda sunanka ke ƙarƙashinsa. Nawa kafilin sau biyu kacal na taɓa ganinsa. A katin an rubuta cewa ni makiyayi ne, alhali ko akuya ban kora ba, ina wani shago a unguwar Sabil ina taka keke. Duk wata sai na aika masa da kasonsa, duk shekara kuma in biya kuɗin sabuntawa. Idan na makara, sai ya bugo waya ya ce zai kai rahoton na gudu. Abin da ya rage shi nake turo wa Inna.

Ana nan sai ga 2013. Hukuma ta tsananta dokar da ta hana baƙo yi wa kowa aiki in ba kafilinsa ba. Sarki Abdallah ya ba da wa'adi daga watan Afrilu domin kowa ya gyara takardunsa, aka ƙara shi zuwa 3 ga Nuwamba. Mai shagonmu ya yarda in koma ƙarƙashinsa a matsayin tela, amma sai kafilina ya sa hannu. Da na roƙe shi, ya yanka mini kuɗin da ko wata shida na yi ban ci ban sha ba ba zan haɗa ba. Ina cikin fafutuka wa'adi ya cika.

Ranar da aka zo shagon, wata jallabiya ce a kan kekena, saura hannu ɗaya. Jami'in ya dubi katin, ya dube ni, ya ce, "Ina tumakin?" Daga nan sai tarhil, aka ɗauki hoton yatsuna, aka sa mu a jirgi. Na sauka filin jirgin Malam Aminu Kano da leda ɗaya a hannu.

Inna ba ta yi mini faɗa ba, wannan ya fi komai ci mini rai. Shekara huɗu na yi ina ɗinki a Rano kafin na fanshi gonar.

A watan Maris na 2021 Saudiyya ta sassauta dokar, ma'aikacin kamfani na iya sauya wurin aiki bisa wasu sharuɗɗa ba tare da yardar kafili ba. Sai dai sassaucin bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, kuma irin waɗannan bizojin ne ejan-ejan suka fi tallata wa yaranmu.

Don haka washegari na kira yaron na ce, "Ban hana ka tafiya ba. Je ka kawo mini takardar kwantaragi, mu kai wa mai jin Larabci ya karanta mana sana'ar da aka rubuta, da albashi, da sunan wanda za ka yi wa aiki. Idan sun dace da abin da aka faɗa maka, ni zan fara sa hannu a aljihu. Gona kuwa, kada ka ko kalle ta."

Yau kwana tara ke nan, ejan bai ba shi takardar ba. Allah ya sa mu dace.