Khouribga: Makarantar da Babu Malami

Khouribga garin ma'adinai ne a Maroko, tafiyar kusan kilomita 120 kudu maso gabas da Kasabalanka. Tun kafin mota ta shiga gari ake hango tsibin ƙasa jere, abin da aka tono aka zubar tun 1921 da aka fara haƙar fosfat a wurin. Kamfanin OCP ne mai ramukan. Manomin da ya sayi takin zamani na yarjejeniyar da Nijeriya ta ƙulla da Maroko a 2016, ba mamaki ya barbaɗa arzikin wannan ƙasa a gonarsa bai sani ba. Ni dai ba taki ya kai ni ba. A 2018 kamfanin ya buɗe makarantar koyon rubuta manhajar kwamfuta mai suna 1337, ba a biyan ko sisi, ba a tambayar takardar shaidar karatu, kuma babu malami ko ɗaya. Na je ne in ga da me ake fara wa wanda bai san komai ba.

Tsarin aro ne daga makarantar 42 ta Paris, wadda attajirin Faransa Xavier Niel ya kafa a 2013. Mai neman shiga yakan fara da gwajin basira ta intanet. In ya haye, sai a kira shi zaman tantancewa da suke ce wa Piscine, mako huɗu cur, ba Asabar ba Lahadi, ga jarrabawa duk mako. Ginin ba ya rufewa. Da tsakar dare za ka tarar da samari da 'yan mata a gaban layukan kwamfutoci, ana cakuɗa Larabcin Maroko da Faransanci, wani ya kifa kai a tebur barci ya sace shi.

Aikin ranar farko ya ba ni mamaki. Babu shafin intanet, babu launi, babu hoto. Baƙin allo ne kawai da ake buga wa umarni: buɗe jaka, canza izinin fayil, tura aikinka da manhajar Git. Daga nan sai yaren kwamfuta na C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a farkon shekarun 1970. Darasin farko shi ne ka sa kwamfuta ta fito da harafi guda. Na biyu, ta jero a zuwa z. Na uku, ta jero su ta baya. An kuma hana amfani da printf, umarnin da kowa yake buga rubutu da shi a C, don mutum ya ga abin da ke ƙarƙashinsa. Ga wata manhaja mai tsaurin ido, Norminette, da ba ta yarda guntun aiki ya wuce layi 25, ko layi ya wuce harafi 80. Ka saɓa mata, aikinka ya tashi a sifili ko da yana tafiya daidai.

Inda tsarin ya fi ƙarfi shi ne wajen gyara. Idan ka gama aiki, kwamfuta za ta haɗa ka da wani ɗalibi, ya zo ya zauna kusa da kai, ka yi masa bayanin abin da ka rubuta layi-layi. Kowane gyara da aka yi maka yana cin maki guda daga aljihunka, kuma hanyar mayar da shi ita ce kai ma ka je ka gyara wa wani. Kamar makarantar allo ce inda na gaba yake biya wa na baya, sai dai a nan babu malamin da za a koma wa in gardama ta yi tsami. Da ka yi tambaya, abokin zama za a nuna maka, ko littafin bayanin da ke cikin kwamfutar.

To, ko kowa ya fara da C ke nan? Masu wannan ra'ayi suna da hujja: C ba ya ɓoye komai, dole ka san inda kowane bayani ya zauna a ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma darasin CS50 na Jami'ar Harvard ma C yake shiga bayan ɗan wasa da yaren Scratch. Amma a 1337 sai can ƙarshen karatun bai-ɗaya ake gina cikakken shafin intanet, bayan watanni masu yawa. Abin da ya sa ɗalibi yake jurewa shi ne wuta ba ta ɗaukewa, intanet ba ta yankewa, ga tarin abokan wahala a gefensa. Wanda yake ɗaki shi kaɗai da tsohuwar kwamfuta, yana lissafin data, C zai iya karya masa gwiwa tun a makon farko.

Shi irin wannan, a ganina, yarukan gina shafin intanet ya kamata ya fara kamawa: HTML, sai CSS, sai JavaScript. Burauza da wurin buga rubutu kaɗai yake buƙata, ko babu intanet shafin zai buɗe, kuma nan take yake ganin abin da hannunsa ya yi. Darussan freeCodeCamp, da Quincy Larson ya kafa a 2014, kyauta ne. Na The Odin Project ma haka, su kuma tun farko suke tilasta Git da baƙin allon nan. Kada ya yi gaggawar tsallakawa zuwa manhajar React kafin JavaScript ta zauna masa, kada kuma ya ɗauki kallon bidiyo a matsayin aiki.

Abin da zai ara daga Khouribga shi ne abokin gyara: mutum ɗaya ko biyu da za su tsare shi duk mako su ce ya faɗi dalilin kowane layi. Can ba sa wasa da wannan. Wanda ya kwafo aiki ya kasa bayaninsa, makin da ake rubuta masa -42 ne, ƙasa da na wanda ya miƙa fayil babu komai a ciki.