Hawan Dutsen Dala

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwana ma'aikata labarin wani yawon shan iska da na yi a nan tsakiyar birnin Kano.

Ni akawu ne. Tun da na fita makarantar mishan na kama aiki, yau shekara 14 ke nan, ban san wata hanya ba sai daga gida zuwa ofis, daga ofis zuwa gida. Kwanan baya jiri ya ɗebe ni ina kan tebur, na tafi asibiti. Likita ya auna ni, ya ce jinina ya hau, ga shi ko arba'in ban kai ba. Ya ba ni magani, ya ce amma babban maganin shi ne tafiya a ƙasa. Na ce, "Likita, ina zan yi yawo a garin nan, ko'ina mota da ƙura?" Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ka taɓa hawa Dala?" Kunya ta kama ni, gama kullum ina hangen dutsen nan, amma ban taɓa taka shi ba.

Ran Asabar da sassafe na tashi daga Sabon Gari, na ratsa Fage, na shiga ta Ƙofar Mazugal, na yi ta bin lunguna har gindin dutsen. An yi masa matakala ta siminti, amma duk da haka sai da na huta sau biyu, yara ƙanana suna wuce ni suna dariya. Da na kai bisa na tarar da fili shimfiɗaɗɗe, ga wata iska mai sanyi wadda ba a samu a ƙasa. Na duba yamma, ga Goron Dutse. Na juya kudu, ga Kasuwar Kurmi, ga hasumiyoyin Babban Masallaci, ga Gidan Rumfa. Rufin gidaje kuwa har iyakar ganin ido. Lalle gani ya kori ji.

Na zauna ina tuna abin da muka karanta. A gindin dutsen nan maƙeran farko suka narka tama tun fiye da shekara dubu da suka wuce. A nan Barbushe ya zauna, mai tsafin Tsumburbura, kafin zuwan Bagauda a shekarar 999. Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, Sarki Muhammadu Rumfa kuma (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, ya kafa Kasuwar Kurmi. A 1851 Bature matafiyi Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya hau nan ya zana hoton birnin. A zamaninsa akwai gonaki da filaye masu yawa a cikin ganuwa, gama mutanen dā sun bar su don ko an kewaye gari da yaƙi a sami abinci.

To, ga abin da ya ɓata mini rai. Na duba ko'ina neman filayen nan, sai gini. Kududdufai da yawa an cike su. Gidaje sun matso har jikin dutsen, ruwan sama yana ta zaizaye gefensa, leda da shara sun cika ramuka. Babu benci, babu inuwar da tsoho zai huta. Asabar ta zagayo na tafi bin ganuwa daga Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya, na tarar wani wurin ta zama tudun ƙasa, wani wurin kantuna sun tare ta. Kada mu ɗora wa kowa laifi, namu ne duka, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka ina roƙon shugabanninmu abu uku. A shata iyakar dutsen, kada gini ya ƙara cinsa. A dasa itatuwa, a ajiye wuraren zama da mai shara. Abin da ya rage na ganuwa kuma a gyara shi, a yi hanyar ƙafa a gefensa. Malaman makaranta, ku kai yaranku su hau, darasin awa ɗaya a kan Dala ya fi na mako guda a kan allo. 'Yan'uwana akawuna kuwa, kada ku jira sai jiri ya kā da ku, rigakafi ya fi magani.

Yau wata uku ke nan ba na fashin hawa ran Asabar. Yanzu ba na hutawa a hanya, likita kuma da ya sāke auna ni ya ce madalla. Allah ya sa jikokinmu su tarar da wurin da za su tsaya su ga garinsu. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu,
Sabon Gari, Kano.