Rumbu Ɗaya, Sarki Biyu

Masu iya magana sun ce ba a sarki biyu zamani ɗaya. Ita ma kwamfuta haka take: babbar manhaja ɗaya ce ke mulkinta a lokaci guda. Sai dai rumbun ajiyarta yana iya ɗaukar biyu, muddin an yanka wa kowace yankinta.

Wani ɗan Argungu da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ya iske kansa cikin wannan hali. Kwamfutarsa ta hannu ce, tsohuwa, kuma ba shi da halin sayen wata. Da Windows ya saba rubutu, darasi kuwa yana neman Linux. Ga shi kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, na'urar tasa kuma ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Dole ya raba rumbu.

Wanda ya tashi a fadamar Rima ba baƙon rabo ba ne. Ya san cewa jan iyaka a fili fayau abu ne mai sauƙi, amma a gonar da shinkafa ta riga ta tsiro, nan ake yin ɓarna. Rumbun nasa kuwa shukakke ne, domin kundin bincikensa na shekarar ƙarshe yana ciki. Kafin a matse yankin Windows, sai an tattara bayanai gefe guda. In wuta ta ɗauke ana tsakar aikin, batir kuma ya mutu, to, aikin wata shida yana iya salwanta. Saboda haka sai da ya kwafe kundin a waje, ya cika batir, sannan ya taɓa iyaka.

Tsohon tsarin rabo na MBR, wanda ya fito a 1983, manyan yankuna huɗu kawai yake yarda da su. GPT kuwa Windows na ba shi har 128. Shi dai ya bar wa Windows nata, ya ba Ubuntu nata, sannan ya ware na uku, wato na tarayya. A nan hikimar take, domin Linux na karanta tsarin NTFS na Windows, amma Windows ba ta karanta ext4 da kanta. Sai ya tsara na ukun da NTFS, ya zuba kundinsa a can, kowace ta hau mulki ta same shi.

Abin sha'awa, Linus Torvalds ya sanar da aikin Linux ranar 25 ga Agusta, 1991, kwana biyu kafin a yanko Jihar Kebbi daga Sakkwato.

Yanzu da ya kunna, GRUB ke tarbarsa da tambayar wace za a ɗora. Saɓani ɗaya ya rage tsakaninsu, na agogo: Linux na ajiye lokacin duniya, Windows na ɗaukarsa na gida, sai ta farka da jinkirin awa guda. Ranar da bai gyara ba, kiran sallar Azahar ne ke gaya masa gaskiyar lokaci.