Wasiƙa Zuwa ga Aminina Malamin Makaranta

Malam Garba,

 

Tunda kai ke koyar da ilimin halittu, ga abin da nake so ka ƙara wa yaranka. Kullum ana gaya musu cibiyar ƙwayar halitta ma'ajiyar DNA ce. Gaskiya ne, amma aikinta bai tsaya nan ba: ita ke sa ƙwaya ta ratsa naman jiki ko ta maƙale.

A cikin ƙwayar jikin mutum babu abin da ya kai cibiya girma da tauri, kamar ƙwallo cikin mangwaro. Ƙwaya kan zura gabanta cikin ɗan tsukun rami, amma da an zo kan cibiya sai tafiya ta tsaya cik. A 2013 Katarina Wolf da Peter Friedl, a ƙasar Holan, suka nuna cewa in ramin ya tsuke zuwa kusan kashi 10 cikin 100 na faɗin cibiyar, ƙwayar cutar kansa ba ta wucewa, sai fa ta narkar da abin da ya tare ta.

Taurin nan daga wani furotin ne mai suna lamin A, da ke shimfiɗe ƙarƙashin fatar cibiyar. Fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutirofil lamin A kaɗan gare su, cibiyarsu kuma gutsi-gutsi take, shi ya sa suke sulalewa ta bangon jijiya su isa inda ciwo yake. Mugunyar maruru ma yawancinta gawarsu ce.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai binciken 2016 ne, na Jan Lammerding a Jami'ar Cornell ta Amurka, da na Matthieu Piel a birnin Paris. Sun sa wa cibiya wani furotin mai hasken kore, suka bar ƙwayoyi suna kutsawa ta matsattsun hanyoyi. Sai aka ga fatar cibiyar ta tsage, koren ya malale cikin ƙwaya, daga baya fatar ta ɗinke, hasken ya koma ciki. Sai dai kafin nan DNA ta riga ta ji rauni. Ka ga ke nan ƙwayar kansa mai yawo tana iya kwaso sabuwar ɓarna a hanya, kuma kansa ba ta cika kisa ba sai ta bazu.

Don Allah ka zana musu wannan a allo, za su riƙe shi fiye da hadda.

Ka gaida mutan gida.

Naka har kullum.