Kujerar bayan direba

1/ Akwai wani jirgin ruwa, Queen Mary 2, da ke tsallaka tekun Atlantika daga Southampton a Ingila zuwa New York. Kwana bakwai ana kan ruwa. Wasu fasinjojin tun wajen kama ɗaki suke duba ɓangaren da rana za ta fi bugawa, shi suke so. Su nemanta suke, mu a tashar Daura gudunta muke. Amma lissafin ɗaya ne, kuma ni sai da na wahalar da kakata kafin na iya shi. Ku biyo ni.

2/ Azumin 2023 ne, cikin Afrilu. Wanda ya san Daura a Afrilu ba sai na yi masa bayani ba. An yi wa Hajiya aikin yanar ido a Kano, aka ce ta koma a duba. Ni aka haɗa da ita. Likita ya ja kunne: ta kiyayi ƙura da hasken rana.

3/ Bayan asuba muka je tasha. Sharon ce a layi. Ni da wayona na yi wuf na kama mata kujerar taga, bayan direba, har ina jin na yi bajinta. Ta ce, "Maigida, nan ka zaɓa mini?" Na ce amarya ai sai wuri mai iska. Ta yi dariya ta shiga.

4/ Mota ba ta cika ba sai wajen takwas da rabi. Kun san halin tasha: tun bakwai ɗan kamasho ke ihun saura mutum ɗaya.

5/ Muna fita gari rana ta sauko mata a fuska, daidai idon da aka yi wa aiki. Gilashin ɓangaren kuma ba ya sauka, sai an karɓo hannun murɗawa wajen direba, shi ma ya ce ya ɓata. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Zafi ya taru a ciki. Mace mai shekara sama da 70, da azumi a baki.

6/ Ba ta ce komai ba, kuma wannan ne ya fi damuna har yau. Sai da muka kusa Kazaure na ga mayafin ya jiƙe, idon na ta zubar da ruwa, hannunta na rawa a kan carbi. Na ce Hajiya ko za ki sha ruwa? Ta girgiza kai.

7/ Wani dattijo da ke ɗaya tagar, da alama ɗan kasuwa ne mai yawan bin hanyar, ya ce direba ya tsaya. Ya fito, ya ba ta wurinsa, ya koma cikin ranar. Sannan ya juyo ya tambaye ni, "Yaro, ina gabas?" Na nuna. Ya ce, "To mu ina muka dosa?" Na ce kudu. Ya ce, "Shi ke nan." Bai ƙara ko kalma ba har Dambatta.

8/ Wallahi kunya ta kama ni. Kullum sau biyar nake fuskantar gabas, amma ban taɓa haɗa ta da kujerar mota ba.

9/ Ga lissafin, ku ajiye. Hanyar Daura zuwa Kano kudu take miƙewa. In ka fuskanci kudu, gabas na hagunka. A Najeriya direba a hagu yake zama. Kenan da safe duk wanda ke hannun direba shi zai sha rana.

10/ Dawowa da la'asar fa? Yanzu arewa ka fuskanta, rana ta koma yamma, yamma kuma na hagunka. Hannun direba dai! Tafiya da safe, dawowa da yamma, duka biyun inuwa na dama. Sai in da yamma ka bar Daura zuwa Kano, nan ne abin ke juyawa.

11/ Da muka dawo ranar, na tsaya na bar mota ɗaya ta tafi don kawai in samo mata tagar dama. Ɗan kamasho ya ce ban san darajar lokaci ba. Mun sha ruwa a hanya, da dabino uku da ruwan leda. Idon bai samu matsala ba, alhamdulillah, amma likitan ya yi mini faɗa, kuma na cancanta.

12/ Hanyar Katsina ce mai ɗan wuya, domin ita yamma take tafiya, ta Mashi. Rana na bayanka da safe, tana gabanka da yamma, sai ka ce babu bambanci. Akwai. A nan kakar shekara ce ke yanke hukunci.

13/ Daura na kan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya. Wajen ƙarshen Afrilu, da kuma tsakiyar Agusta, rana na bi ta tsakiyar kanmu. Tsakanin nan ta arewa take karkata. Sauran shekara, musamman Disamba, ta kudu take bi. Ku duba inuwar katangar gidanku da azahar a Yuni, ku sake dubawa a Disamba, za ku ga ta sauya ɓangare.

14/ Su masu jirgin nan nasu ya fi sauƙi. Southampton na wajen digiri 51, New York wajen 41, don haka da tsakar rana kullum ta kudu take musu. Mai tafiya Amurka yana son rana, ɗakin hagu. Mai dawowa Ingila, ɗakin dama. Mu da ke ƙarƙashinta ne sai mun haɗa da kalanda.

15/ Na daɗe ina ganin abin nasu shirme ne, har Disambar bara. Biki ya kai mu Katsina, ni da Hajiya, da sanyin safiya. Hazo ya rufe gari, kowa ya naɗe cikin rigar sanyi, masu shayi sun kewaye wuta. Ni kuwa, gwanin lissafi, na yi sauri na kama mata tagar dama.

16/ Ta tsaya a bakin mota, ta dubi sama, ta dube ni. "Maigida, so kake sanyi ya kashe ni ka auro yarinya?" Ta zagaya da sandarta ta zauna bayan direba, kujerar da ta kusa sa ta karya azumi. Kafin mu kai Mashi rana ta ɗan ɓullo ta hazo ta sauka a kafaɗarta, ta yi barci. Ni aka bari a dama, ga gilashin ba ya rufuwa.