Garin da Ake Zuwa Kallon Farin Beyar

A can arewacin ƙasar Kanada, a gaɓar yamma ta tekun Hudson, akwai wani ɗan gari wai shi Churchill, wanda mutanensa ba su cika 1,000 ba. Babu hanyar mota da ta kai shi. Wanda ya nufe shi daga birnin Winnipeg, ko dai ya hau jirgin sama, ko ya kwana biyu cikin jirgin ƙasa, tafiyar da ta haura mil 1,000.

Daga nan itatuwa suke ƙarewa, sai fili fetal, ƙasa a daskare. To, me ke kai baƙi irin wannan wuri? Farin beyar, watau wata ƙatuwar dabba mai cin nama wadda namijinta kan kai kilo 500. Abincinta wata dabbar ruwa ce mai kitse, ana ce da ita sil, ba ta kuwa iya kama ta sosai sai a kan ƙanƙara. Idan teku ya narke da bazara, sai beyar ya hau tudu ya yi watanni kusan ba ci. A watannin Oktoba da Nuwamba sukan taru a bakin ruwa suna jiran ya daskare. Wannan jira na mai yunwa shi ne kasuwar garin.

Masu ja-gora sukan ɗauki baƙi cikin manyan motoci masu dogayen tayoyi, don ko beyar ya miƙe tsaye kada ya cim ma na ciki. Ba mai sauka, ba mai jefa abinci. Musulmin da ya je sai ya yi sallarsa cikin motar, ya kuma lura da lokaci, domin a tsakiyar Nuwamba yini ba ya cika awa 8, la'asar na bin azahar kusa da kusa.

Beyar ɗin da ya matsa wa gari akan kama shi a tsare a wani gida, ba a ba shi abinci don kada ya saba, sa'an nan a ɗauke shi da jirgi mai saukar ungulu a sake shi nesa.

Sai dai jiran yana ƙara tsawo, don ƙanƙara tana saurin narkewa, tana kuma jinkirin kamawa. Ƙidayar 2016 ta sami beyar 842 a wannan yanki, ta 2021 kuwa 618.