Rurin Babura da Sanyin Safiya a Garwa

Daga Disamba zuwa Janairu, idan hunturu ya sauka a Garwa ta Kamaru, unguwanni irin su Yelwa da Rumde Ajiya kan tashi da ƙara iri ɗaya bayan sallar asuba. Masu babur ɗin haya sun turo abin hawansu ƙofar gida, sun buga kik, suna murɗa totur har ƙarshe, su saki, su sake murɗawa. Ka tambayi ɗayansu, zai ce maka: “Malam, ai ɗumama shi nake yi.” Haka mai injin ban ruwa yake yi a fadamun bakin Binuwai kafin ya saki ruwa ga albasarsa.

Niyyar mai kyau ce, hanyar ce ke neman gyara. Injin da ya kwana, baƙin mansa ya gangara ƙasa ya kwanta, sanyi kuma ya ƙara masa kauri. Yana bukatar ɗan lokaci kafin ya hau ya jiƙa fistin da ringi da bawul. Wanda ya ba shi wuta da ƙarfi a wannan ɗan tsakanin, ƙarfe yake gogawa da ƙarfe, kuma bakanike ne zai ci ribar nan gaba. Sauri ya haifi nawa.

Shi ma fetur ba ya saurin zama tururi a cikin ƙarfe mai sanyi. Dalilin cok ke nan: yana rage iskar da ke shiga kafireto don mai ya yi rinjaye. Amma da zarar inji ya daidaita, sai a mayar da shi. In an manta, fulogi ya yi baƙi, salansa ta yi ta aman hayaƙi, fetur ɗin da bai ƙone ba ya wanke baƙin mai daga bangon silinda. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023, kwalbar zuwa-zuwa ta bakin titi, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi daga can, ta daina arhar da za a ƙona ta a banza.

Sababbin injuna, da aka ƙera don rage hayaƙi, sun ƙara sauya lissafin. Masu kafireto daga cikinsu an tsuke musu mai, shi ya sa suke tari da safe har mai su ya zaci sun lalace. Masu na'urar lantarki a maimakon kafireto kuwa da kansu suke auna sanyin su daidaita man. Matatar hayaƙin da ke cikin salansarsu ba ta soma aiki sosai sai ta kai kusan digiri 300, kuma tafiya a hankali ta fi tsayuwa saurin kai ta can. Ke nan doguwar tsayuwa a silo ma asara ce. Minti ɗaya ko biyu sun isa, sannan a tafi sannu-sannu. Taraktocin dizal da ke huɗar gonakin auduga a yankin Sodecoton, kamfanin da aka kafa a 1974, su ne ke son ƙarin 'yan mintoci kafin garma ta kama ƙasa, musamman masu turbo.

Sanyin Garwa ma ba mai tsanani ba ne. Garin da zafinsa ke haura digiri 40 a Maris da Afrilu, abin da ya fi cin injinsa ƙura ce. Da mai babur zai ɗauke hannu daga totur a wannan mintin na jira, ya leƙa matatar iska ya ga abin da hazo ya tara mata, da injin ya daɗe, maƙwabta kuma sun samu barcin safe.